Wane Irin Keke Ya Dace Da Ni? Tambayoyi Da Amsoshi Kafin Ka Shiga Kasuwa

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da yawa da rabonsu da keke tun suna firamare suka dawo suna tambayar kuɗinsa, ma'aikata ne, ɗalibai ne, masu shago ne, har da masu babur da suka gaji da zaryar gidan mai. To amma kasuwar ta yanzu ba irin ta da ba ce da za ka tarar da Raleigh da Phoenix kawai ka nuna ɗaya a turo maka, yanzu kala-kala ne a jere, kowanne mai shago zai rantse maka shi ne ya fi. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Malam ni dai keke kawai nake so, daga ina zan fara?

Fara daga hanyar da za ka riƙa bi kullum, ba daga fenti ba. Kwalta ce ko burji ko yashi, akwai hawa ko shimfiɗe take, kilomita nawa ce zuwa da dawowa. Sai kaya, kai kaɗai ne da 'yar jakarka ko akwai buhu, jarka, ko yaro da za a sauke a Islamiyya. Na uku kuma wanda kusan kowa ke mantawa shi ne mai gyaran keken unguwarku, ka leƙa rumfarsa ka ga irin tayoyi da kayan da ya rataye, duk keken da babu kayansa a wannan rumfar ko a kasuwa mafi kusa da ku to wahala za ka saya komai kyansa. Wallahi akwai kekuna masu tsada da yawa jingine a soraye sun yi ƙura saboda wani ɗan ƙarfe guda ɗaya da aka rasa.

Wai kekunan nan iri nawa ne, kuma meye bambancinsu?

Waɗanda za ka gani a wajenmu ba su wuce takwas ba. Akwai babban baƙin keken nan na iyaye da kakanni, mai taya 28, mai birkin sanda da ƙatuwar kariya ta ɗora kaya a baya. Asalinsa salon Ingila ne, kamfanin Raleigh na garin Nottingham da aka kafa tun shekarun 1880 shi ya yi suna da shi, har masana'anta sun taɓa yi a Kano, daga baya Phoenix na Shanghai da Hero da Avon na garin Ludhiana a Indiya suka cika kasuwa da irinsa. Yana da nauyi, yakan kai kilo 20 ko ya wuce, amma jure wahala ba a magana.

Sai keken duwatsu da ake ce wa mawuntin, mai faɗin taya da giya da yawa, wanda wasu samari suka ƙirƙiro a tsaunukan Kaliforniya ta Amurka a shekarun 1970 don gangarowa daga kan dutse. Sai keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, mara nauyi, kilo 8 zuwa 10. Akwai na tsakiya tsakanin waɗannan biyun, tayarsa ba siririya can ba kuma ba ƙatuwa ba, kansa miƙaƙƙe, shi ne ake kira haibirid. Akwai keken Japan na gwanjo mai kwando a gaba wanda ba shi da sanda a tsakiya. Sai BMX ɗan ƙarami na wasan tsalle-tsalle, da mai naɗewa da ake sawa a but ɗin mota, da kuma mai batir.

Ina kai kaya kasuwannin ƙauye, wani lokaci jarkokin ruwa. Wanne zan ɗauka?

Baƙin keke mai taya 28, in da hali mai sanda biyu, babu wani dogon tunani. Ka lissafa mana, jarka mai lita 25 in ta cika ruwa kilo 25 ce, huɗu kilo 100 kenan ban da kai da kake tuƙawa, wannan nauyin ba kowane rim ne zai ɗauka ba. Abin da za ka duba da kyau shi ne tayar baya, sifok ɗinta su zama masu kauri kuma a ɗaure tamau, kariyar kuma ta zama ta ƙarfe mai kauri wadda ƙafafunta suka sauka kan gindin tayar, ba irin 'yar siririyar da aka maƙala a ƙarƙashin sirdi ba. Yawancin 'yan kasuwa ma sabon keke suna saye suke wucewa da shi wajen mai gyara a sake ɗaure sifok a kai wa mai walda ya ƙara wa kariyar ƙarfi, kuma suna da gaskiya. A ƙasashe irin su Zambiya da Kenya akwai wani keke Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ke yi musamman don hanyoyin karkara, kariyarsa an yi ta don kilo 100, kuma in ka kalle shi tsarin baƙin keken nan ne dai aka ƙara wa ƙwari, ba wani sifirin ba wata giya ashirin.

Garinmu yashi ne, keke yana nutsewa. Akwai dabara?

Mutanen Daura, Gumel, Nguru, Maraɗi da Damagaram sun san wannan. Faɗin taya ne maganin yashi, sai kuma rage iska kaɗan. Taya mai faɗin inci 2 ko sama da haka tana shimfiɗuwa a kan yashi maimakon ta yanka shi ta nutse, shi ya sa mawuntin ya fi dacewa a nan. Kar ka bari mai faci ya ɗura mata iska ta yi tauri ƙiƙam, in ka danna da babban yatsa ta ɗan lotsa ya isa. In ka shigo yashi ka sauko giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka mayar da nauyinka baya, kar ka tsaya da feda kuma kar ka juya kai da ƙarfi. Amma fa in yashin ya yi zurfi sosai sai haƙuri, a sauka a tura, kowa ma haka yake yi.

Sai ƙaya. Inda tsidau da ƙayar aduwa suka yi yawa, taya mai kaurin roba ta fi komai muhimmanci. Wasu masu gyara sukan yanka tsohon tiyub su shimfiɗa shi a cikin taya kafin su sa sabon, yana ƙara nauyi kaɗan amma yana rage zaryar faci sosai.

Dole ne sai mai giya?

A'a. In a Kano ko Maiduguri ko Katsina kake inda gari shimfiɗe yake kuma tafiyarka ba ta wuce kilomita biyar zuwa goma ba, keke mara giya ya ishe ka, ga sauƙin gyara, cen ɗinsa ya fi kauri ya fi daɗewa. In kuwa Jos kake ko wasu unguwannin Abuja masu hawa da gangara, giya za ta cece gwiwarka. Kar lambar da aka rubuta ta ruɗe ka, giya 21 ma'anarta faranti uku a gaba da bakwai a baya, kuma da yawa daga cikinsu maimaici ne, giya bakwai masu aiki lafiya sun fi 21 masu tsalle suna ƙara. Wasu kekunan Japan suna da giya uku a ɓoye a cikin cibiyar tayar baya, wannan ƙura da laka ba sa damunta kuma tana daɗewa, illarta kawai ranar da ta lalace ba kowane mai gyara ne zai yarda ya buɗe ta ba.

Na ga wani mai ƙaton sifirin a tsakiya da shokazoba a gaba, kuma ba tsada. Ya kake gani?

Ka bar shi a inda ka gan shi. Wannan keken shi ne ya fi cin kuɗin mutane saboda ya fi kowanne ɗaukar ido, ga sitika ga kala ga suna da manyan baƙaƙe. Keke mai shokazoba gaba da baya na gaskiya akwai shi, amma an yi shi ne don masu gangarowa daga tsauni kuma kuɗinsa yakan kai na babur ko ya fi. Na arahan da ke kasuwa kwaikwayo ne kawai, sifirin ɗin yana shanye ƙarfin da kake takawa, kana feda keken yana lilo, ga nauyin banza, bayan 'yan watanni kuma mahaɗar tsakiyar ta fara girgiɗi tana ƙara, tayar baya tana kaɗawa hagu da dama. Ga shi babu wurin ɗaura kariya ta kirki. In kuɗinka na wannan ne, gara ka sayi wanda ba shi da shokazoba ko ɗaya, ko mai na gaba kawai, za ka samu kaya mafi inganci a kuɗi ɗaya.

Keken tsere fa? Ina son gudu.

In motsa jiki kake so da asuba a kan kwalta mai kyau, ko kana son shiga sahun masu tsere irin na Burkina Faso da suke gasar Tour du Faso tun 1987, to bismillah, babu keken da zai kamo shi. Amma zuwa aiki kullum a titi mai ramuka da kwalbati da A Daidaita Sahu yana yanko maka, a'a. Tayar siririya ce, rami ɗaya zai iya fasa tiyub ya lanƙwasa rim, zaman kuma a sunkuye ne ba ka ganin hanya sosai, ba madigad ba kariya. Mai son ɗan gudu a cikin gari haibirid ya nema.

Ta yaya zan san keken daidai tsayina ne?

Ka tsaya a ƙasa keken yana tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a samu tazarar kamar yatsa biyu zuwa uku tsakaninka da sandar, in sai ka yi ɗage to ya yi maka girma. Sannan ka hau sirdi ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ba, wannan ne tsayin sirdin da ya dace, in ka dawo da gaban ƙafa kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Yawancin mutane sirdinsu ya yi ƙasa da yawa saboda suna son ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya. Amma wajen ɗaga shi ka lura, a jikin ƙarfen sirdin akwai layi da aka zana, kar a zaro shi ya wuce nan, yana iya karyewa ko ya fasa bodi.

Me ya sa na sayi taya 26 ta ƙi shiga keke na mai 26?

Wannan ya kama mutane da yawa musamman masu keken gwanjo. Lambar inci ba ta da tabbas, 26 kala-kala ce. Ka duba gefen tsohuwar tayar za ka ga wata lamba kamar 37-590 ko 50-559, ta farkon faɗin taya ce a milimita, ta biyun kuma faɗin da'irar rim daga wannan gefe zuwa wancan, ita ce ta gaskiya. Mawuntin mai 26 rim ɗinsa 559 ne, keken Japan mai 26 x 1 3/8 kuwa 590 ne, ba za su taɓa shiga juna ba. Haka 28, baƙin keke 635 ne, amma kekunan Turai da yawa da aka rubuta wa 28 ko 700C 622 ne, mawuntin mai 29 shi ma 622 ne, mai 27.5 kuma 584, tsohon 27 na keken tsere 630. Ka ɗauki hoton lambar a waya ko ka tafi da tsohuwar tayar gaba ɗaya. Kuma kafin ka biya kuɗin keke ka tambaya ko ana samun wannan lambar a garinku, 559 da 635 ba sa wahalar samu a yawancin kasuwanninmu, sauran kuwa sai an tambaya.

Bawul ma haka, iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota wanda kowane mai faci zai sa wa iska, akwai irin na baƙin keke mai 'yar roba a ciki, sai siririn nan mai ɗan noti a kai da ke zuwa a kekunan tsere, shi sai da famfonsa ko ɗan ƙarfen da ake ɗaura masa.

Sabo zan saya ko gwanjo?

Gwanjo mai kyau daga Japan ko Turai sau da yawa ya fi sabo na araha dal a leda, wannan ra'ayina ne kuma masu gyara da yawa haka za su ce maka. Amma gwanjo sa'a ne, sai ka duba da idonka. Ka je da rana, ba da magariba ba. Ka durƙusa ka duba duk mahaɗar bodi, musamman ƙarƙashin wuyan keken inda sanduna suka haɗu, in ka ga fenti ya tattare ko ya tsage a zagaye to keken ya taɓa karo. Ka tsaya a gefe ka kalli fok, wato ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar gaba, in ya ɗan koma baya shi ma alamar karo ce. Ka ɗaga gaba ka juya taya kana kallon tsakaninta da robar birki, in tana matsowa tana ja baya rim ya karkace, kaɗan ana gyarawa da sifok, mai yawa kuwa sai sabo. Ka kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, ka kama feda ita ma haka, in akwai ƙwas-ƙwas boris ya ci. Ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuya yana motsi. Ka sa a kwance notin sirdi a gwada ɗaga shi, don in ya yi tsatsa ya manne ka shiga uku. Haƙoran faranti kuma in sun yi tsini sun kwanta gefe ɗaya, cen da firiwil, wato haƙoran tayar baya, duk canji suke so, sai ka cire kuɗinsu a ciniki.

Bayan duk wannan ka hau ka zagaya, ka canza kowace giya, ka ɗan sassauta riƙon kai ka ji ko yana janka gefe ɗaya. Mai kayan da ya hana ka hawa ka yi masa sallama. In ba ka yarda da idonka ba ka ɗauki mai gyaran unguwarku ka biya shi kuɗin shayi ya raka ka. Kuma ka karɓi rasit a rubuta lambar bodi a kai, yawanci tana ƙarƙashin inda feda ke juyawa, saboda kekunan sata suna yawo kuma ba ka son a tare ka wata rana a ce na wani ne.

Bodin alminiyam ko na ƙarfe?

Alminiyam ba nauyi kuma ba ya tsatsa, amma in ya tsage mai waldar bakin titi ba zai iya yi maka komai a kai ba. Ƙarfe kuwa ko a ƙauye za a liƙe maka. Mai ɗaukar kaya ƙarfe, mai hawa bene da keke a kafaɗa alminiyam.

Wane birki ya fi?

Birkin sanda na baƙin keke yana daɗewa amma in ruwa ya jiƙa rim ɗin ƙarfe sai ka matse ka ji keken yana ta tafiyarsa, don haka da damina ka fara kama birki tun daga nesa. Birkin waya mai roba biyu da ke kama gefen rim shi ne mafi sauƙin gyara, robarsa tana ko'ina. Mai faranti wato dis ya fi kamawa cikin ruwa da laka, amma iri biyu ne, na waya da na mai, na man ya fi daɗin hannu sai dai in ya fara yoyo neman mai gyaransa aiki ne, a wajenmu na waya ya fi kwanciyar hankali. Kar mai ko giris ya taɓa farantin ko kaɗan. Kekunan Japan kuma da yawa birkin bayansu yana ƙara ƙiiii in ya tsufa, ba wai ya mutu ba ne, amma maƙwabta za su san ka dawo.

Ni mace ce, kuma da dogon hijabi nake fita. Akwai wanda ya dace da ni?

Akwai Hajiya. Ki nemi mara sanda a tsakiya irin na Japan ko na Holan, ba sai kin ɗaga ƙafa ta baya ba. Abu biyu kar ki yarda a ba ki babu su, murfin cen da ya rufe shi gaba ɗaya, da raga ko roba a gefen tayar baya wadda ke hana tufafi shiga sifok, don bakin hijabi ko zani in ya naɗe a taya faɗuwar ba ta da daɗi. Ki riƙa tattare bakin hijabin ki zauna a kai kafin ki tashi. Wannan amsar har da maza masu jallabiya da dogon kaftani da dattawan da ɗaga ƙafa ya fara yi musu wuya, sunan keken mata da aka sa masa ne ke hana wasu saye, alhali a Japan da Holan maza da mata duk suna hawansa zuwa aiki.

Yarona fa, in saya masa babba don ya girma da shi?

Kar ka yi haka Alhaji. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba kuma hannunsa bai iya matse birki ba, faɗuwa zai yi ta yi har ya tsani keken ko ya ji ciwo. Keken yara da girman taya ake auna shi, 12 ga 'yan shekara biyu zuwa huɗu, 16 ga huɗu zuwa shida, 20 har wajen shekara tara, 24 kafin ya koma na manya, amma tsayin yaron ya fi shekarunsa muhimmanci don haka ka je da shi ya hau. In ya yi masa kaɗan ai ga ƙannensa nan. Wajen koyo kuma maimakon ƙananan tayoyin gefe, ka cire feda ka sauke sirdi ya riƙa turawa da ƙafa, in ya iya tsayuwa a kai sai a mayar da fedar.

Mai batir ya fi ko?

Ga mai tafiya mai nisa ko wanda ba ya son isa ofis jiƙe da gumi, yana da daɗi ƙwarai. Amma ka yi wa kanka tambaya uku, kuna samun wuta ko kana da sola, ana sayar da batirinsa a kusa, kuma nawa ne. Batirin shi ne mafi tsada a jikin keken kuma ƙarfinsa raguwa yake da shekaru, zafi kuma yana kashe shi da wuri, a ajiye shi a rana a watan Afrilu ba ƙaramar illa ba ce. Na gwanjo mai batir ka ɗauka kawai batirin ya kusa ƙarewa ka yi ciniki a kan haka. Wasu na Japan ma cajarsu ta wuta 100 ce, tamu kuwa 230, ka karanta jikin cajar kafin ka soka. Kar ka yi caji da wata cajar daban, kar kuma ka bar shi a caji a ɗakin da ake barci, batirin litiyam in ya kama wuta kashe shi da wuya.

Ance keke yana kawo basir, gaskiya ne?

Hawa keke ba shi ke haifar da shi ba, sai dai mai fama da shi zama a kan sirdi mai tauri zai iya tayar masa. Ciwon mazaunai na makon farko kuwa kowa yana yi, yana wucewa. In kana jin gabanka yana sagewa ko yana mutuwa bayan tafiya, hancin sirdin ya ɗaga sama ne ko sirdin bai dace da kai ba, a daidaita shi ya kwanta sosai, in bai daina ba a canza shi, in ya ci gaba ka ga likita.

Bayan keken me kuma zan saya?

Ka rage wani abu a kuɗinka, kar ka ƙarar duka a kan keken. Kwaɗo da sarƙa mai kauri tun ranar farko, kuma ka riƙa ɗaure bodin da wani abu kafaffe ba taya kawai ba, ko a ƙofar masallaci ne kuwa. Fitila fara a gaba ja a baya, yanzu akwai masu caji da wayar USB, in kana fita sallar asuba ko dawowa bayan isha'i wannan dole ne don mai mota ba ya ganinka. Hular kwano musamman in kana hawa babban titi. Ƙararrawa, ɗan famfo, kayan faci, sai madigad kafin damina ta sauka. Da hunturu kuma ƙura tana haɗuwa da mai ta zama kamar yashi a jikin cen tana cin haƙora, don haka ka goge shi da tsumma tukuna sannan ka ɗiga mai kaɗan ka sake goge na saman, ba a yi masa wanka da baƙin man inji ba. Sabon keke kuma bayan sati biyu zuwa uku ka mayar da shi wajen mai gyara a bi notuna da sifok da wayoyin birki a sake ɗaurewa, don duk suna saki a farkon hawa.